Maganin Kwalba Ba Ya Maye Gurbin Makaniki

Duk wanda ya saba shiga gidajen mai da kasuwannin kayan mota a manyan garuruwanmu lalle ya lura da wasu 'yan kwalabe masu launi iri iri da ake jerawa kusa da galan-galan na baƙin mai. Da zarar mai mota ya yi kukan cewa injinsa yana karkarwa, ko yana jan ƙafa a kan tudu, kafin ya rufe baki an miƙo masa kwalba, an ce ya juye a tanki ya ga aiki da cikawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa neman hanyar rage shan mai yake yi, saboda haka irin wannan magana ba ta rasa mai saurare.

Ra'ayina shi ne, wannan magani ba ƙarya ba ne, amma an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, kuma talakan da ya tara kuɗin mota da guminsa shi ne ke biyan diyya.

Bari mu fara da ainihin cutar. A kan kowace silinda akwai bawul ɗin da ke buɗe wa iska hanya ta shiga, da wanda ke sakin hayaƙi. Injin kuwa yakan mayar da tururin baƙin mai da wani kaso na hayaƙinsa cikin hanyar iska. Sa'ad da wannan tururi ya sauka a bayan bawul mai zafi sai ya daskare, yau da gobe ya zama baƙin ɓawo kamar kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafa. Shi ne makanikai ke kira kabon. In ya yi kauri sai ya ƙuntata hanyar iska, wani lokaci ma ɓarɓashinsa ya hana bawul rufuwa sosai. Daga nan sai silinda ta riƙa ƙin kama wuta, musamman da sanyin safiya, watau abin nan da direbobi ke cewa mota tana misin.

To, ina maganin yake shiga? A nan ne ake ruɗin mutane, domin injuna ba ɗaya suke ba. A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kabureta ce ke gauraya mai da iska, su bi ta kan bawul su shiga silinda. Da aka koma ga nozul mai feshi, a yawancin motocin da suka cika titunanmu, kamar tsofaffin Corolla da Camry, nozul ɗin yana feso mai ne daidai bayan bawul. Ke nan duk lokacin da injin ke aiki, mai yana wanke wurin. A irin waɗannan injuna, in an zuba magani na ƙwarai mai ɗauke da sinadarin wanki, musamman wanda ake kira PEA, yana iya narkar da dauɗar da ba ta riga ta ƙeƙashe ba, ya kuma buɗe bakin nozul ɗin da ya fara toshewa. Wannan gaskiya ce, ba kuwa zan ɓoye ta don in ci gardama ba.

Amma a 1996 kamfanin Mitsubishi na Japan ya fito da injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, daga baya manyan kamfanoni da yawa suka bi sahu saboda yana rage shan mai. Ana gane irinsu da alamu kamar GDI ko FSI ko TSI a jikin mota ko a murfin injin, kuma suna ta shigowa ƙasar nan cikin motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje. A wannan tsari mai ba ya taɓa bayan bawul ko kaɗan. Iska ce kawai ke bi ta wurin, tare da tururin nan mai haifar da kabon. Jama'a, ta yaya abin da aka zuba a tanki zai wanke wurin da ba ya zuwa? Ko kwalba goma aka juye, iyakarta ta share bakin nozul, bawul kuwa yana nan da kayansa. Maganinsa sai an kwance bututun iska an kankare da hannu, ko an feshe shi da ɓarzajjen ɓawon ƙwallon wata itaciya da ake kira walnot, wanda ke ɓamɓare dauɗar ba tare da ya ci ƙarfe ba. Su kansu masu ƙera motoci sun san da matsalar. Tun 2005 Toyota ta fara sa wa wasu injunanta nozul biyu a kowace silinda, ɗaya a ciki ɗaya a bayan bawul, kuma wani amfanin na bayan shi ne yana wanke wurin.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Misin alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin ɗan Adam, kuma sau da yawa ba ruwan kabon a ciki. Fulogi ya tsufa, ko kwayil ya mutu, ko wata roba ta tsage iska tana satar hanya, ko bawul ya ƙone, ko zoben fistan ya cinye, duk alamarsu ɗaya. Wani maƙwabcina, dattijo ne da ya yi ritaya, ya sayi mota da kuɗin sallamarsa yana kai 'yan makaranta don ya sami na cefane. Motar ta fara karkarwa, fitilar gargaɗi tana walƙiya a gabansa. Wani mai gareji ya ba shi kwalba, ya ce ya hau babban titi ya taka sosai. Ya yi haka har sau uku cikin wata guda. Ashe kwayil ɗaya ne ya mutu. Man da bai ƙone ba ya yi ta kwarara cikin salansa har ya narkar da matatar hayaƙi, abin nan da makanikai ke kira indomi, wadda kuɗinta ya ninka na kwayil nesa ba kusa ba. Da aka gaya masa, sai ya yi shiru ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ni kam ban iya yin shirun ba.

Alhali kuwa gane cutar ba wuya. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a can ta zo da mahaɗin da ake jona na'urar bincike. Na'urar takan nuna lamba: P0300 na nufin misin ɗin yana yawo tsakanin silindoji, P0302 kuwa na nufin silinda ta biyu ce. Makaniki mai hankali sai ya cire kwayil ɗin ta biyu ya musanya shi da na ta uku. In cutar ta bi kwayil ta koma ta uku, an kama ɓarawo. In ba ta bi ba, a duba fulogi, a duba nozul, a auna ƙarfin matsin silinda. Aikin da bai kai sa'a guda ba ke nan. In fitilar gargaɗi tana walƙiya, ba tsayawa cak ta yi ba, to mota tana roƙon a ajiye ta ne, ba a ƙara mata wuta ba.

Akwai kuma rabon hukuma a cikin zancen. A Amurka tun 1995 doka ta wajabta zuba sinadarin wanki a cikin duk fetur ɗin da ake sayarwa, kuma a 2004 wasu kamfanonin mota, cikinsu har da Toyota da Honda, suka ga ma'aunin gwamnati ya yi kaɗan suka kafa nasu mai tsauri. Watau can tun daga famfo ake tsare injin. Mu kuwa ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motocin bayin Allah suka lalace, layuka suka dawo gidajen mai. Ya kamata hukumar NMDPRA, mai kula da harkar mai, ta bayyana wa jama'a abin da ke cikin man da suke saye, ita kuma hukumar SON ta bi kasuwanni ta tantance waɗannan kwalabe, ta tilasta a rubuta sinadarin da ke ciki da irin injin da ya dace da shi, cikin harshen da direba zai iya karantawa.

Kafin ranar ta zo, mai mota ya taimaki kansa. Ya san irin injin da yake hawa. Ya canja baƙin mai a kan kari, ya sauya matatar iska bayan ƙurar hunturu, ya guji man 'yan bumburutu matuƙar yana da hali. In injinsa mai feshi ne a bayan bawul, kwalba ɗaya ta kirki jefi jefi ba laifi. In kuwa mota ta riga ta fara misin, ya ce wa makaniki ya jona na'ura ya nuna masa lambar da idonsa, sa'an nan a yi maganar abin da za a saya.