LAFIYA UWAR JIKI: Hanta Ba Riga Ba Ce Balle A Kai Ta Wanki

A watan nan za mu taɓa wata magana da ta zama ruwan dare a unguwanninmu, tun daga Briqueterie har zuwa Nkomkana, wato zancen "wankin hanta". Ran Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci muka tarar da wani mai magani ya baza kwalabe a kan tabarma, yana rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana wanke duk dattin da ya taru a hanta cikin kwana uku. Muka ga dattawa da samari suna ta miƙa kuɗi. Ba mu zargi kowa ba, domin mai ciwo ba ya raina magani. Amma ya kamata mu san abin da yake taruwa a jikin, da yadda yake shiga, kafin mu yi maganar fitar da shi.

Hanta ita ce babbar ma'aikatar jiki, nauyinta a jikin babban mutum ya kai wajen kilo ɗaya da rabi. Duk abin da muka ci ko muka sha, daga hanji sai jini ya bi da shi ta cikinta, ta tace, ta ajiye mai amfani, ta sarrafa mai cutarwa ya fita ta matsarmama ko ta fitsari. Ashe ita ce mai wankin. Sai dai akwai abubuwan da in sun yi yawa ba ta iya zubarwa da sauri, sai ta yi ta tarawa har su ci ta.

Na farko shi ne bitamin A. Yana gyara ido, yana ƙara wa yara ƙarfin jure cuta, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 shi, sau biyu a shekara. Tun 2011 kuma gwamnatin Kamaru ta wajabta a sa shi cikin man girki na kamfani. Wannan duk alheri ne, kada mu hana 'ya'yanmu. Inda gizo yake saƙa shi ne mutum ya sayi ƙwayoyi masu ƙarfi a bakin hanya yana haɗiya kullum. Bitamin A ba ya bin fitsari kamar bitamin C, a hanta yake kwanciya. In ya yi yawa sai ciwon kai, da bushewar fata, da zubewar gashi, da ciwon ƙashi, daga baya hantar ta taurare. Mu da Allah Ya yi wa baiwar tsire da kilishi, mu sani hantar dabba cike take da shi. Tsinke ɗaya jefi-jefi ba laifi, amma mai juna biyu ta yi hattara, musamman a watannin farko, domin yawansa yana iya nakasa abin da ke cikinta.

Na biyu shi ne sinadarin ƙarfe, wanda yake cikin maganin ƙarin jini. Da zarar mutum ya ji kasala sai a ce jininsa ya yi ƙasa, a sayo masa kwalba. Alhali jiki ba shi da ƙofar zubar da rarar ƙarfe, abin da yake fita a yini bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Saura yana taruwa a hanta da zuciya. Masu juna biyu su ci gaba da shan wanda aka ba su wurin awo, suna bukatarsa. Amma magidanci, da tsohuwar da ta daina al'ada, da mai sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, kada su sha sai an auna jininsu. A kuma ɓoye ƙwayoyin nan, yaro ƙarami in ya kwashe su ya haɗiye yana iya rasa ransa.

Na uku, wanda ya fi ban tsoro, shi ne dalma. Ita ba ta da amfanin kome a jiki. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Da aka bincika sai aka gano duwatsun zinariya ne ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar mai dalma ta cika tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. To, ga darasin: likitoci suna da magani na gaske mai kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, amma sun nace sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa, domin ba amfani a yi wa yaro magani ya koma cikin gubar. Garin Bagega sai a 2013 aka share shi. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Kada mu ce ai mu ba ma haƙar zinariya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 2014 aka buga wani bincike a kan tukwanen alminiyam da ake ƙerawa a nan Kamaru daga tarkacen ƙarfe da kayan injin, aka samu suna sakin dalma cikin abin da aka dafa. Kwalli na dutse da muke rangaɗa wa jarirai shi ma sau da yawa dutsen dalma ne. A 2011 a birnin Boston na Amurka an auna irinsa da aka kawo wa wani jariri daga Nijeriya, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ga tsohon fenti mai ɓarewa, ga batirin mota da ake fasawa a bayan gida. Dalma tana shiga hanta da ƙoda, tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, amma babbar ɓarnarta a ƙwaƙwalwar yaro take, kuma abin da ta lalata a can ba ya dawowa.

Saboda haka shawararmu ita ce a toshe ƙofar da ɓarawo yake shigowa. A daina sa wa jarirai kwallin dutse. A guji barin miya mai tsami ta kwana a tukunyar tarkace. Makanike da mai gyaran batir su canja tufafi su wanke hannu kafin su ɗauki yaro. A riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannun yara kafin cin abinci. Wanda yake shakkar hantarsa ya je asibiti ko Centre Pasteur a auna jininsa, har da gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan kuma yakan yi shekaru bai nuna alama ba. An sa allurarsa cikin rigakafin jarirai tun 2005, amma manyan da aka haifa kafin nan sai sun nema da kansu.

Kwalbar bakin hanya kuwa, mafi yawanta zawo take sawa, mutum ya ɗauka datti ne yake fita. Wata ma ita ce za ta ƙarasa hantar da take fama. Wanda idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa ya kumbura, ko fitsarinsa ya koma kamar shayi, kada ya kwana bai ga likita ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare mana zuriya, amin. Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.