Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Motar da ke Gardama da Safe

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama a biranen Kano da Zariya da Jos, akan ga abu guda kusan kowace safiya: magidanci yana zaune a mota yana ta murɗa makulli, yaran unguwa kuma suna jira a kira su turi. Idan malamin makaranta ne mai motar, darasin farko ya salwanta ke nan, domin ɗalibai arba'in ko fiye za su zauna babu mai koya musu. Yawancin masu motoci kan ɗora laifin a kan sanyi, ko su garzaya su sayi sabon batir. Duka biyun kuskure ne. Sanyi yakan tona asirin wata cuta ce da ta daɗe a ɓoye, kuma wajibi ne a gano ta kafin a kashe ko kwabo.

Injin mai amfani da fetur yana bukatar abubuwa huɗu kafin ya tashi: ƙarfin da zai juya shi, da mai, da iska, da tartsatsin wuta. Saboda haka matakin farko na bincike shi ne sauraro. Idan aka murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas kawai, ko injin ya juya da nauyi, matsalar tana wajen batir ko kik. Idan kuwa ya juya da sauri amma ya ƙi kamawa, to batir ya fita daga zargi, sai a duba mai da fulogi.

Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6, kuma idan ya cika da caji yakan nuna volt 12.6 a kan ma'auni. Idan ya kwana ya sauka zuwa 12.0, cajinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Yayin da ake tayar da injin bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Abin lura shi ne zafin bazara ne ke cinye batir a hankali, domin yana ƙafar da ruwansa, yana lalata farantansa. Idan sanyi ya zo, aikin sinadaran cikinsa ya ragu, baƙin mai kuma ya yi kauri, sai gazawar ta bayyana. Amma ba kowane batir mai rauni ne ya mutu ba. Sau da yawa farin garin da ke taruwa a kan batir, ko sakwarkwacewar wayarsa, shi ne ke tare wuta, kuma ruwan ɗumi da burushi da sifana sun isa magani. Haka nan idan injin yana aiki, ya kamata ma'auni ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.7. In bai kai haka ba, altaneto ne ba ya caji, kuma sabon batir ma zai mutu cikin 'yan kwanaki.

Ta fuskar mai, akwai bambanci tsakanin tsofaffin motoci da sababbi. Mota mai kafireto, irin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, tana bukatar a ja cok da safe don a ƙara mata mai a rage iska. Motar zamani mai injekta kuwa kwamfutarta ce ke yin wannan aiki, bisa bayanin da take samu daga na'urar auna zafin ruwan injin. Idan na'urar ta lalace, injin ba zai sami isasshen mai ba a cikin sanyi. Wani lokaci kuma man da ke cikin bututu ne ke komawa tanki da dare. Gwajin wannan mai sauƙi ne: a buɗe makulli ba tare da an yi kik ba, a jira daƙiƙa 3, a maimaita sau uku. Idan motar ta tashi nan take, famfon mai ne abin tuhuma. Ƙurar hunturu kan toshe matatar iska, tsofaffin fulogi kan ba da raunannen tartsatsi, motar dizal kuma tana dogara ne da fulogin ɗumama injin.

Wani zai ce mai mota ba bakanike ba ne, kuma turi ya wadatar tunda kyauta ne. Gaskiya ne gyaran kik ko famfon mai aikin gwani ne. Sai dai turi ba ya tayar da mota mai giyar otomatik, kuma ko a mai giyar hannu jinkirta matsalar kawai yake yi. Yawan murɗa makulli ma illa ne, domin kik da ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 yana juyawa yakan yi zafi har ya ƙone. Zafin nema ba ya kawo samu. Bugu da ƙari, wanda ya je gareji ya ce “mota ta ƙi tashi” kawai, ya buɗe ƙofar canje-canjen kaya bisa zato. Wanda kuwa ya bayyana sautin da ya ji, da lokacin da abin ke faruwa, da shekarun batirinsa, ya taƙaita wa bakanike aiki, ya kuma tsare aljihunsa. Tun shekarar 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin binciken kwamfuta na OBD-II, kuma da yawa daga cikin motocin kwatano suna da shi. Ya dace mai mota ya nemi a sa na'urar kafin a kwance komai.

A taƙaice, watan Nuwamba ne lokacin shiri. A auna batir, a wanke kansa, a duba fulogi da matatar iska, a zuba irin baƙin man da littafin motar ya ambata. Kuɗin wannan duka bai kai na sabon batirin da aka saya a banza ba, balle a haɗa da darasin da ɗalibai suka rasa.