Kwaɗayi Mabuɗin Wahala: Kukan Kurmin Yasuni

Jama'a, a ƙasar Ekwado akwai wani kurmi mai suna Yasuni, inda ire-iren itatuwan hekta guda suka ɗara na Amurka da Kanada baki ɗaya. Amma kash, man fetur na kwance ƙarƙashinsa.

A 2007 Shugaba Rafael Correa ya nemi manyan ƙasashe su biya dala biliyan 3.6, a bar man gabashin kurmin a ƙasa. Masu yi mana wa'azin kare muhalli suka yi kunnen uwar shegu, abin da ya shiga hannu bai kai miliyan 14 ba. A 2016 aka soma haƙa. Duk inda aka sari hanya zuwa rijiya, mafarauta da masaran katako na biye.

A 2023 kusan kashi 59 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ce a rufe rijiyoyin. Da wa'adin shekara ya cika a 2024, ɗaya tak cikin 247 gwamnati ta rufe.

Mu da muka ga ta'asar malalar mai a ƙasar Ogoni, wa zai ba mu labari? Rijiya takan ƙafe a haƙa wata. Irin tsuntsun da ya ƙare kuwa, a wace kasuwa za a sayo shi? Talakawa sun yanke hukunci, a zartar da shi!