Raddi ga Mai Cewa Samoa Za Ta Tilasta wa Masu Zauren Biki

Wani mai wa'azi ya dage cewa tunda Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa, nan gaba kaɗan mai zauren biki a Haɗejiya, da mai ɗaukar hoto, da mai ba da hayar rumfa, dole su yi wa auren jinsi hidima ko kotu ta ci su tara, kamar yadda aka yi wa mai kek a Amurka. Malam ya tsinci rabin labari, ya hau mumbari da shi.

Mu fara da mai kek ɗin, tunda a kansa aka ɗora ginin duka. Sunansa Jack Phillips, a jihar Kolorado. A 2012 ya ƙi yi wa wasu maza biyu kek ɗin biki, hukumar kare haƙƙi ta jihar ta ce ya karya doka, domin dokar Kolorado ta fito ƙarara ta hana ɗan kasuwa juya wa mai saye baya kan wannan dalili. To, yaya aka ƙare? A 2018 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 7 cikin 9, ta rushe hukuncin, ta ce hukumar ta nuna ƙyama ga addinin mutumin. A 2023 Lorie Smith, mai tsara shafukan intanet a wannan jihar dai, ta yi nasara da alƙalai 6. Gidan burodin Ashers na Belfast ma ya ci shari'arsa a Kotun Ƙolin Birtaniya a 2018. Ban ce rigimar ta mutu a can ba, akwai waɗanda suka sha kaye. Amma wanda Malam ya zaɓa ya tsorata mu da shi, shi ne ya fita kotu da murmushi. Haba, Malam!

Sai gida. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanke ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. A 2017 mutum 53 aka gurfanar a Zariya kan zargin irin wannan taro. Wato abin da Malam ke cewa za a tilasta, shi ne abin da ake ɗaure mutum a kansa, balle a jihar da Haɗejiya take, wadda ke bin Shari'a tun 2000.

Samoa kuwa, sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar da ke zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Jaridar Daily Trust da ta buga labarin da ya danganta yarjejeniyar da auren jinsi a Yulin 2024 ta nemi afuwa daga baya. Wannan bai iso kunnen Malam ba?

Batun dala biliyan 150 da labarin ya jingina wa yarjejeniyar kuwa, Ministan Kasafi Atiku Bagudu ya ƙaryata shi tun a lokacin. Umarnin bincikar labari kuma yana nan cikin Suratul Hujurat, Malam ya fi ni saninsa.