Kwamitin Masu Gidaje A Amurka: Wane Aiki Ne Nasa?

A ƙasar Amurka akwai wani tsari na zaman gari wanda ya kamata masu karatunmu su san labarinsa, tun ba waɗanda aikinsu ya shafi majalisa da baitulmali ba. In mutum ya sayi gida a sabuwar unguwa, ko ya sayi sashe a cikin dogon bene, sau da yawa ba gidan kaɗai ya saya ba. Takardar cinikin takan sa shi cikin ƙungiyar masu gidajen wurin, ko yana so ko ba ya so. Ƙungiyar nan ita ke kula da hanyoyin unguwa da fitilu da magudanan ruwa da tafkin wanka. In bene ne kuwa, har da rufi da ginshiƙai da harsashi. Kowane mai gida yana biyan kuɗi wata wata. Wanda ya ƙi biya ana iya kai shi gaban shari'a, wani lokaci ma har a sayar da gidan nasa.

A 1970 ƙungiyoyin nan wajen 10,000 ne. A lissafin 2023 sun kai wajen 365,000, mutanen da ke zaune ƙarƙashinsu kuwa sun haura miliyan 75, watau fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar duka. Masu riƙe da kowace ƙungiya ɗan kwamiti ne na mutum biyar ko bakwai, waɗanda maƙwabtansu suka zaɓa, kuma galibinsu ba su da albashi ko na kwabo. Wani malamin makaranta ne, wani tsohon ɗan kasuwa, wata likita ce da ta yi ritaya. Da dare suke taro, bayan kowa ya tashi daga aikinsa.

To, abin da ake ta muhawara a kai can shi ne: wane aiki ne ya dace da kwamitin nan? Domin abin da aka saba gani shi ne su zauna su kashe dare a kan ƙananan abubuwa. Wane ya ajiye mota a ƙofar wane, karen wane ya hana mutane barci, wane ya shafa wa ƙyaurensa fentin da ba a yarda da shi ba, mai yankan ciyawa bai zo ran Talata ba. Shugaba da kansa yake kiran mai gyaran famfo, ma'aji da kansa yake bin bashi gida gida. In an zo kan maganar rufin da zai lalace nan da shekara takwas, sai a tarar dare ya yi, a ce a bari sai taro na gaba.

Ba wauta ke sa su haka ba. Ƙaramin abu yana da mai shi, mai shi kuwa yana da baki, zai tsare ɗan kwamiti a bakin ƙofa ya faɗa masa. Ginshiƙin da ruwa ke ci ba ya kai ƙara. Har ila yau, wanda ya gyara fitila yau za a gode masa gobe, amma wanda ya ce a ƙara kuɗin wata don aikin da ba za a yi ba sai bayan shekara goma, wannan ƙuri'a zai rasa a zaɓe mai zuwa. Sabo da haka kwamiti ya fi son aikin da ake gani.

Abin da ya fito da maganar nan fili shi ne bala'in da ya auku a garin Surfside, kusa da Mayami a Jihar Fulorida. Ran 24 ga watan Yuni 2021, bayan ƙarfe ɗaya na dare, wani ɓangare na benen Champlain Towers South ya rushe, mutum 98 suka rasu. Bene ne mai hawa 12 da sassa 136, an gama shi a 1981, yana bakin teku.

Tun cikin Oktoba 2018 injiniyan da ƙungiyar ta ɗauka ya rubuta musu rahoto. Ya ce akwai babbar ɓarna a daɓen simintin da ke ƙarƙashin farfajiyar tafkin wanka, domin abin da aka shimfiɗa don tare ruwa ya mutu, ruwa yana kwanciya yana shiga siminti, ga kuma tsaga a ginshiƙan wurin ajiye motoci. Ya ce in ba a gyara da wuri ba ɓarnar za ta yi ta ƙaruwa da sauri. An ƙiyasta aikin a kan dala miliyan 9 da ɗoriya. Kuɗin da ke cikin asusun ajiyar ƙungiyar kuwa bai kai ko miliyan 1 ba. Daga nan aka shiga jayayya a kan kuɗi da yawan aiki, har a 2019 biyar daga cikin 'yan kwamiti bakwai suka ajiye aiki. Sai a Afrilu 2021 aka tsai da shawarar tara dala miliyan 15 daga masu gidaje, mai ƙaramin sashe wajen dala 80,000, mai babba fiye da 330,000. An sa ran 1 ga Yuli kowa ya faɗi ko zai biya gaba ɗaya ko kuwa wata wata har shekara 15. Benen bai kai ranar ba, ya faɗi saura mako guda.

Adalci ne mu faɗi cewa laifin ba na kwamiti kaɗai ba ne. Masu binciken gwamnatin tarayya sun gano tun asali zanen farfajiyar nan bai cika ƙa'idar gini ba. A Nuwamba 2018 kuma wani ma'aikacin hukumar garin ya halarci taron kwamitin ya gaya musu benen yana nan lafiya lau. Wasu daga cikin 'yan kwamitin ma sun yi ta fama don a fara aiki, masu gidaje suna ja da baya. Amma duk da haka, tambayar da ba ta da makawa ita ce: yaya aka yi bene ya shekara kusan arba'in a bakin ruwan gishiri, ba a tara masa kuɗin tsufa ba? Wannan ba kuskuren kwamiti ɗaya ba ne, na kwamitoci ne da yawa bi da bi, kowanne ya bar wa na bayansa. Dokar Fulorida ta lokacin kuwa ta ba masu gidaje damar su jefa ƙuri'a su yafe wa kansu zuba kuɗin ajiya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu neman gyara suna cewa a raba aiki biyu. Aikin yau da gobe, watau karɓar kuɗi da biyan ma'aikata da sauraron koke da ƙananan gyare-gyare, a damƙa shi ga manaja mai albashi. A Fulorida irin wannan manaja sai da lasin gwamnati yake aiki in ƙungiyar ta wuce gida 10 ko kasafinta na shekara ya wuce dala 100,000. Kwamiti ya rubuta masa iyakar abin da zai kashe ba tare da ya nemi izini ba, ya rubuta dokokin unguwa sarai, yadda in an kawo ƙarar kare ko mota manaja zai duba takarda ya yanke, ba sai an jira taro ba. Shi kuwa kwamiti ya koma kan abin da ba mai iya yi sai shi: kasafin shekara, da zaɓen manaja da korarsa, da shirin shekaru masu zuwa.

Ginshiƙin shirin nan wata takarda ce ta ƙiyasin ajiya. Masani yakan zo ya bi kayan ƙungiya ɗaya ɗaya, rufi da hanya da bututun ruwa da injin hawa bene, ya rubuta shekarun da suka rage wa kowanne da abin da za a kashe a sake shi. Lissafin ba wuya. Mu ɗauki misali, rufin da zai ci dala 200,000 yana kuma yin shekara 20: a ajiye 10,000 kowace shekara ke nan, in gidaje 100 ne kowa ya ba da dala 100. In ba a yi haka ba, ran da rufin ya mutu kowa zai fito da 2,000 a lokaci guda, kuma wanda ya sayi gidansa bara shi zai biya wa wanda ya zauna shekara 19 ya tashi. Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin baitulmali ya san bambancin kuɗin gudanar da aiki da kuɗin ajiya, ya kuma san irin jarabar da ke akwai ta taɓa na biyu don toshe ramin na farko. Jihar Kalifoniya ta daɗe da tilasta a duba kayan da ido aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku.

Fulorida kuwa sai da aka yi mutuwa. A 2008 ta yi dokar a riƙa duba irin benayen nan duk shekara biyar, a 2010 ta soke ta sabo da kukan tsada. A Mayu 2022 majalisar jihar ta yi sabuwar doka: duk bene mai hawa uku ko fiye na irin ƙungiyoyin nan, injiniya ya duba shi in ya shekara 30, sa'an nan duk bayan shekara 10, a yi ƙiyasin ajiya duk shekara 10, aka kuma hana yafe kuɗin ajiyar da ya shafi ƙarfin gini. A 2024 aka ƙara da cewa sababbin 'yan kwamiti sai sun yi ɗan kwas na sanin aikinsu.

Mu dai muna ganin raba aikin nan daidai ne, amma akwai abu biyu da masu yabonsa kan yi saurin tsallakewa. Na farko, miƙa aiki ga manaja ba barci ba ne. Kwamitin da ya ce shi yanzu na manyan shawarwari ne, ya daina duba takardar banki wata wata, ya buɗe ƙofa ga ɓarawo. Ɓarawon ma ba lalle ne ya zo daga waje ba: a Nuwamba 2022 an kama wasu shugabannin ƙungiyar wata babbar unguwa da ake kira Hammocks, a yankin Mayami, bisa zargin sun kwashe fiye da dala miliyan 2 na maƙwabtansu. Sai an sami mai binciken lissafi daga waje kowace shekara, littattafai kuma su kasance a buɗe ga kowane mai gida. Ƙananan ƙungiyoyi masu gida ashirin ko talatin kuwa sau da yawa ba su da halin ɗaukar manaja sam. Su abin da za su iya shi ne su raba taro, su ware zama ɗaya ko biyu a shekara wanda ba a kawo maganar kare ko mota a cikinsa.

Na biyu ya fi nauyi. Shirin gaba kuɗi ne, kuɗin kuwa daga aljihun talaka mai gida zai fito. Da dokar 2022 ta fara aiki, kuɗin wata ya tashi ƙwarai a tsofaffin benaye, aka aza wa mutane kuɗin gyara mai yawa, tsofaffi masu cin fansho da yawa suka sa sassansu a kasuwa, masu saye kuma suka ja baya. Bashin shekara talatin ne aka ce tsara guda ta biya. Kukan ya kai majalisa, a 2025 ta sassauta: ta ɗage wa'adin gama ƙiyasin ajiya zuwa ƙarshen 2025, ta yarda ƙungiya ta ci bashin banki don cike asusun in masu gidaje sun amince, ta kuma ba da damar a dakatar da zubi na ɗan lokaci in ana cikin gyaran da injiniya ya ce a yi. Ba ta dai mai da tsohuwar damar yafe ajiyar gaba ɗaya ba.

A manyan rukunan gidaje na Abuja da Kaduna da Kano ma yanzu akwai ƙungiyoyin mazauna masu tara kuɗin gadi da shara da gyaran taransifoma. Ba su da ƙarfin doka irin na takwarorinsu na Amurka, dogayen benaye kuma ba su yi yawa ba tukuna. Amma mai karatun da ke zaune a irin wurin nan yana iya tambayar ma'ajinsu a taro mai zuwa shekara nawa suka rage wa famfon burtsatse da tankin ruwa, da nawa aka ajiye domin su.