Lafiyar Direba Da Wajabcin Kange Kan Babbar Mota Daga Ƙara Da Zafi

Sanin kowa ne cewa yawancin hatsi da dabbobi da man fetur da ake safara tsakanin Arewa da Kudancin Nijeriya, manyan motoci ne ke ɗaukarsu. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, kuma direban tirela yakan shafe kwanaki a kanta. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne halin ɗan ɗakin ƙarfen da yake zaune ciki, wato kan mota. A mafi yawan motocin nan kujerar direba a bisa inji take, rufin kuwa fallen ƙarfe ne da rana ke duka. Mai mota yakan kashe kuɗi a kan zane da fitilu masu launi, amma ya ɗauki kange kan motar daga ƙara da zafi a matsayin alatu. Ilimin halittu ya nuna wannan kuskure ne babba.

Da farko a dubi kunne. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mayar da jijjigar sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana wahalar da su har su mutu. A shekarar 1988 masana suka tabbatar cewa tsuntsaye na iya sake tsirar da irin waɗannan ƙwayoyi, amma ɗan Adam ba ya iyawa. Wadda ta mutu ta tafi ke nan.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa kada mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙara mai desibel 85. Duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: awa 4 a desibel 88, awa 2 a desibel 91. Tsohuwar mota mai fasasshiyar salansa, tana gudu taga a buɗe, tana iya kai wannan mizani, alhali direba yakan zarce awa 8 bisa sitiyari. Kurumtar kuwa sannu a hankali take shigowa. Mutum zai fara jin kunnensa na amsa kuwwa da dare, daga baya ya riƙa cewa a maimaita masa magana.

Na biyu shi ne zafi. Jiki yana riƙe ɗuminsa a wajen digiri 37, yana fitar da rarar ta hanyar zufa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40 ko a inuwa. Idan aka haɗa da zafin rufi daga sama da na inji daga ƙasa, direba na iya zubar da zufa kusan lita 1 cikin awa guda. Ruwan jiki ya ragu, ƙoda ta wahala, hankali ya dushe, gyangyaɗi ya biyo baya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan lumshe ido na daƙiƙa 3 tamkar tuƙi ne na mita 60 babu mai tuƙi.

Maganin bai fi ƙarfin kanikawanmu ba. Bahaushe ya daɗe da sanin bambancin soron laka da ɗakin kwano marar silin, kuma hikimar ɗaya ce. Ƙara tana shiga ta hanya biyu: ta kafofi, da kuma ta jijjigar ƙarfe. Saboda haka sai a fara da gyara salansa, da toshe ramukan daɓe, da sauya robobin ƙofa. Sannan a liƙa faifan roba mai nauyi a jikin ƙarfe domin ya kashe jijjiga. A kansa a shimfiɗa soso mai rufaffun ƙofofi, wanda iskar da ke tsare cikinsa ke hana zafi ratsawa. Ta ɓangaren inji a sa fallen alminiyam mai ƙyalli, a bar ɗan fili tsakaninsa da abin da ke zafi, domin ya mayar da hucin baya. Farin fenti a rufi shi ma yana mayar da hasken rana.

Sai dai akwai hattara. Soson katifa bai dace ba, domin yana shan ruwa ya jawo tsatsa, kuma yana saurin kama wuta. Asbestos yana haddasa cutar huhu da sankara. Haka kuma dole a bar mashigar iska, saboda hayaƙin inji na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari amma tana kisa.

Wasu za su ce direban da aka rage wa ƙara ba zai ji odar wata mota ba. Gaskiya ita ce rurin inji ne ke danne oda, kuma kunnen da ya kurumce ba ya jin ta sam. Wasu kuma za su kawo batun kuɗi. To, a kwatanta farashin roba da soso da asarar tirela cike da kaya, balle rayukan mutane.

Bisa ga haka, nauyin wannan aiki yana wuyan masu motoci, ba direbobi ba. Ya kamata ƙungiyoyin direbobi su nemi hakan a matsayin haƙƙi, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma, wadda aka kafa a 1988, ta sa halin kan mota cikin abubuwan da take dubawa. Malamai na iya nuna wa ɗalibai hujjar cikin sauƙi: a samo gwangwani biyu, a shafa wa ɗaya baƙin fenti, a naɗe ɗayan da soso da alminiyam, a ajiye su a rana, a auna zafin cikinsu bayan rabin awa. Ɗalibin da ya ga bambancin da idonsa, shi zai kai labari gida wurin mahaifinsa ko yayansa da ke bisa hanya. Rigakafi dai ya fi magani, musamman ga cutar da ba ta warkewa.