Mun Ƙone Littafi, Me Muka Ba Yaro A Madadinsa?

 

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya ratsa Gyadi-Gyadi ko Tarauni bayan La'asar zai ga yara sun jera duwatsu sun yi raga, suna ta ƙwallo har a kira Magariba. Tambayi ɗayansu burinsa, zai ce maka Turai. Tambaye shi littafin da ya karanta don nishaɗi, sai ya yi shiru. Laifin wannan shirun namu ne.

A ƙasar Kanada wani ɗan jarida, Roy MacGregor, ya lura yaransu sun haukace a kan hoki, wasan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara. Bai zage su ba. Daga 1995 ya shiga rubuta musu jerin littattafai mai suna Screech Owls, labarin ƙungiyar yara masu zuwa gasa a ƙasashe irin su Suwidin da Japan, inda duk suka sauka sai wani abin al'ajabi ya auku, su bi sawu har su gano gaskiya. Yaro ya shigo don wasa, ya fita da son karatu da sanin duniya.

Mu fa? A 2007 an cinna wa littattafan soyayya wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya. To, an ƙone. Wa ya rubuta madadinsu? Hani ba tare da madadi ba ragon aiki ne, domin zuciyar yaro gona ce, in ba ka shuka ba ciyawa za ta fito.

Masu cewa ƙagaggen labari ƙarya ne su yi adalci. Ƙarya ita ce a yaudari mai sauraro, shi kuwa mai karatun hikaya ya san hikaya ce. Abubakar Imam, ɗan gidan malamai, da tafiye-tafiye ya gina Ruwan Bagaja a 1934, kuma iyayenmu sun karanta ba su lalace ba.

Ba mu da ƙanƙara, amma muna da labari. Samarin Nijeriya sun ɗauko kofin duniya na matasa a Sin a 1985, Kano ta karɓi wasannin irin wannan gasa a 2009. Me zai hana a rubuta labarin yaran Tarauni da suka tafi gasa Yamai, fasfonsu ya ɓace, suka bankaɗo dillalin ƙarya mai yi wa iyaye alkawarin Turai? Irin waɗannan mayaudara suna nan, sun sha yasar da yaran Afirka a ƙasashen waje. Yaron da ya fara gamuwa da su a takarda da wuya su ci shi a fili. A cikin labarin zai ga sallar ƙasaru, da riƙon amana, da haƙƙin abokin tafiya, ba tare da an ɗaga masa bulala ba.

Ya ku marubuta da malaman Islamiyya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya iya kunna ashana, ya koyi riƙe alƙalami.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin. Wassalam.